Shirun Bayan Ƙofa

Norfolk, 21 ga Nuwamba, 1915

Yaya Ceridwen,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da Mama da duk mutanen Penrhiw. Yaya ƙafar Mama da wannan sanyi? Ki ce mata autanta yana nan garau, har tumbi ya fara ajiyewa.

Yaya, ajiye abin da ke hannunki ki zauna. Za mu ƙetare teku! Shekara guda muna sintiri a bakin gaɓar nan muna jiran Jamusawan da suka ƙi zuwa, babu abin da muka kama sai mura. Yau ga shi Kanar ya tara mu ya ce rundunarmu za ta fita bayan hunturu. Ba a faɗi ƙasa ba, amma an auna kawunanmu za a ba mu hulunan rana, don haka kowa ya ce Masar ce. Da kin ji ihun da muka yi, har karnukan gari sai da suka amsa.

Sai dai akwai saura. Ba da dawaki za mu tafi ba. Ranar Talata muka kai su tasha aka loda su a jirgin ƙasa, duka, har da Seren, goɗiyar Kyaftin Gamage, wadda ni nake sa mata takalmi tun tana ƙarama. Ƙattai suka riƙa kuka kamar yara, ni ma ban tsira ba.

Yanzu dai mu sojan doki ne marasa doki, kuma ofis bai farga ba tukuna. Odar kwashe dawaki ta iso, odar tsayar da abincinsu ta ɓata a hanya. Kullum da safe sai amalanken ciyawa ya zo, Saje Lougher mai kula da sito ya karɓa ya jibge a barga, har ta kusa taɓo rufi. Na ce, "Saje, wa zai ci wannan?" Ya ce, "Kai za ka ci, in ka sake tambayata." Mai begila ma bai daina busa kiran barga ba, sai mu ruga da buroshi a hannu mu tsaya a gaban turakun da babu komai. Ƙaimi kuwa dole ne a ɗaura shi a fareti. Jiya abokina Gomer ya harɗe da nasa ya kife a gaban Manjo.

Ni ma har yanzu maƙerin runduna ne, ga wuta ga guduma, babu kofato. Shi ya sa Kyaftin ya ba da arona ga wani manomi, Mista Thirtle, mai dawakin noma huɗu da 'ya ɗaya. Kin ga inda na dosa. Sunanta Hetty. Ita take riƙe min kan doki in ina aiki, ba ta tsoron shuri, in kuwa ta yi dariya da dukan bakinta take yi. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta harshenmu na can gida, don na mutanen nan daban ne, ta ce in muna hira da Gomer kamar kurkure maƙogwaro muke yi. Yaya, aurenta nake so in yi kafin mu tashi, in kawo ta Penrhiw a hutun bankwana da za a ba mu, ta zauna da ku har in dawo. Ita ta yarda. Ubanta bai sani ba, Mama ma haka. Nasa ni zan ji da shi, na Mama kuwa ke na bar wa. Ki nemi ranar da burodinta ya tashi da kyau ki ɗan taɓa mata zancen.

Ki aiko min da safa mai kauri. Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki,
Idwal


Penrhiw, 5 ga Disamba

Idwal sarkin gaggawa,

Muna gaishe ka, muna lafiya. Ƙafar Mama da sauƙi, bakinta kuwa lafiya lau, kamar yadda za ka ji.

Na gode da aikin da ka ɗora min. Da ƙwai ka aike ni in ɗauko a ƙarƙashin dinyar nan tamu mai cizo, da ya fi min sauƙi. Ranar Asabar burodi ya tashi har yana neman fita daga tanda, sai na ce yau ce rana. Na faɗa mata tana tsaye da wuƙa a hannu, wannan kuwa wautata ce. Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Da wane harshe za ta gaishe ni da safe?" Na ce, "Mama, ai za ta koya." Ta ce, "Da wane harshe za ta yi wa jikokina waƙar barci?" Can ta ce, "Rubuta masa. Ƙofar Penrhiw ba ta buɗewa sai ga wanda ya san yadda ake roƙonta." Ta yanka burodin nan kamar shi ya yi mata laifi.

Kada ka ga baƙinta da yawa, ranta a jagule yake. Bana Mari, dodon kan dokin nan namu na ƙarshen shekara, ba za ta fita ba. Maza sun ƙare a ƙauyen, wasu suna wajenku, wasu suna Faransa. Ƙoƙon kan dokin yana nan binne cikin farar ƙasa a bayan maƙerar marigayi Baba, farin zanen yana ninke a akwati, babu mai shiga ƙarƙashinsa ya ɗaga sanda, babu masu bin ƙofa ƙofa suna rera roƙon a bar su su shiga. Amma ina jin ta wajen tatsar shanu tana shirya baitoci ƙasa ƙasa, na mayar da martani ga mutanen da ba za su zo ba. Ka san ta. Shekara da shekaru ayarin Mari yana tsayawa a ƙofarmu, su jefo baiti ɗaya ta mayar musu da biyu, har muryoyinsu su dushe su wuce gidan gaba ba su ɗanɗana ko shayi ba. Sau ɗaya tak aka taɓa rufe mata baki har ta zare sakata, wanda ya yi kuwa Baba ne, yana saurayi. Na sha tambayarta wane baiti ne ya kayar da ita, sai ta ce in je in duba kaji.

To ga wadda kake so in lallasa maka. Ka ba ni lokaci, kuma don Allah kada ka yi wani abu na hauka kafin nan.

Ga safa nan, ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ka yi haƙuri da ita.

Yayarka,
Ceridwen


Norfolk, 28 ga Disamba

Yaya Ceridwen,

Gaisuwa da barka da Kirsimeti, da fatan kun yi shi lafiya. Safa ta iso, doguwar na ba ƙafar hagu.

Wasiƙarki ce ta ba ni dabara, don haka in abin ya yi kyau ke ma kina da lada. In Mari ba za ta fita a Penrhiw ba, za ta fita a Norfolk! Gomer ya samo ƙoƙon kan wani tsohon dokin noma a bayan gari. Muka dafa shi a tukunyar wanki har ya yi fari tas. Na haɗa muƙamuƙin da waya da wani ƙarfe mai lanƙwasa da na ƙera da kaina, in an ja igiya sai ya buɗe ya rufe, ƙas! Ta fi ta gida cizo, na rantse miki. Idanu gindin koren kwalba, kunnuwa fatar tsohon sirdi, ƙararrawa kuwa ga su nan birjik a sito ba masu amfani da su. Zanen gado ne ya yi wuya, sai da Saje Lougher ya juya baya da gangan muka zaro ɗaya daga sito.

Da kin ga barga ranar da muka ɗaga ta! Mutane suka yi layi suna sara mata, wai ga dokin da ya rage wa runduna. Saje ya zagaye ta ya duba haƙoranta, ya ce, "Madalla, ciyawa ta sami mai ci." Wani ɗan Maesteg, can wajenmu, ya fara waƙar Mari, kafin ka ce me duk barga ta ɗauka, na ga manya suna share ido da hula.

Ga shirin. Ranar jajiberin sabuwar shekara, da la'asar sakaliya, mu takwas za mu je ƙofar Mista Thirtle. Gomer a ƙarƙashin zane, ni a gaba da waƙa. In muka ci su muka shiga, ya ba mu abin sha da waina kamar yadda aka saba, ana dariya ana raha, sai in ja shi gefe in nemi Hetty. Wane mutum ne zai hana ka 'yarsa bayan Mari ta kawo wa gidansa sa'ar shekara? Ita ma Hetty ban faɗa mata ba, so nake in ga fuskarta. Na ɗan yi tunanin ko mutanen nan ba su san Mari ba, amma Gomer ya ce kowace ƙasa tana da tata, suna ne kawai ya bambanta.

Barci ma ba na iya yi don ɗoki. Ki gaida Mama.

Idwal


Gadurum, 4 ga Janairu, 1916

Yaya,

Ina gaishe ki, ina lafiya, babu abin da ya karye a jikina. Kin ga daga inda nake rubutowa. Kada ki yi dariya sai kin kai ƙarshe.

Mun isa ana shirin kunna fitilu. Muka jeru a ƙofa, Mari tana kaɗa ƙararrawa, na ɗaga murya na jefa baitin farko. Yaya, ban taɓa rera waƙa da daɗi haka ba. Muka saurara. Shiru. Na ce ko suna shawara ne, na ƙara na biyu, na yi musu ba'a a kan rowar giyarsu. Shiru. Na uku muka yi shi mu takwas har taga tana rawa. Ko tari ba mu ji ba. Gomer ya ce daga ƙarƙashin zane, "Idwal, sun ƙare fa! Baiti uku ba amsa, ai ko a gaban alƙali mun ci." Muka yi ihu, na murɗa ƙofa, muka auka.

Ashe Mista Thirtle baƙi yake da su. Limamin cocinsu da matarsa, da Manjo namu da kansa, suna zaune ana shan shayi. Ba su ji kalma ɗaya daga abin da muka rera ba. Daga baya muka sami labari liman ya ce Jamusanci ne, Jamusawa sun sauka a gaɓa, kowa ya yi tsit kada a san da mutane a ciki. Suna cikin wannan hali sai ga kan mushen doki ya sunkuyo ta ƙofa da korayen idanu. Gomer ba ya gani sosai a cikin zanen, ya yi abin da Mari take yi a kowane gida, ya bi mata da cizo. Matar liman ta ƙwalla ƙara ta sulale ƙasa. Kare ya shige ƙarƙashin tebur ya tafi da shimfiɗar da duk kofunan da ke kai. Mista Thirtle ya rarumo ƙarfen tona wuta. Manjo ya miƙe zai yi tsawa, Mari ta juyo, ƙas, ta kama shi a gashin baki.

Mutum ɗaya ne ya yi dariya a ɗakin nan. Hetty ta gane takalmina, ta zauna a kan matakala ta riƙe ciki tana yi har da hawaye. Ni kuwa da na ga komai ya riga ya lalace, sai na cire hula na ce, "Mista Thirtle, na zo neman auren 'yarka." Ban san abin da ya shiga kaina ba.

Jiya aka gurfanar da ni. Manjo ya ce, "Treharne, wa ya ba ka izinin shiga gidan mutane?" Na ce, "Su suka ba ni, ranka ya daɗe." Ya ce, "Da bakin wa?" Na ce, "Ai ba su ce komai ba, ranka ya daɗe. A wajenmu in aka rera a ƙofa na ciki suka kasa mayarwa, to sun buɗe ke nan." Ya juya wajen Kyaftin Gamage ya ce, "Gaskiya yake faɗa, ko hauka yake yi?" Kyaftin ɗan gida ne, Mari ta sha zuwa gidan ubansa. Ya ciji leɓe ya ce, "Duka biyun, ranka ya daɗe." Sannan aka tambayi Saje Lougher ina aka samo dokin, ya ce shi dai a saninsa na runduna ne, tun da ana aiko masa da ciyawa.

Yanzu ki daina dariya. An soke min hutun bankwana, ba zan fita daga sansani ba har ranar da za mu shiga jirgi. Ba zan ga Penrhiw ba, ba zan ga Mama ba. Mista Thirtle kuma ya ce in Hetty ta sake kula ɗan duwatsun da ya shigo masa da kan shaiɗan, ta nemi wani uban. Raina ya ɓaci ƙwarai, Yaya, kuma ni na jawo.

Ki san yadda za ki faɗa wa Mama.

Idwal


Penrhiw, 16 ga Janairu

Idwal Treharne,

Ina gaishe ka. Ina roƙon Allah ya tsare ka, ya ƙara maka hankali.

Yayarka ta karanta min, tana yi tana toshe baki. Ni ban ga abin dariya ba. Ka ɗauki Mari ka kai ta inda ba a san ta ba, ka mayar da ita abin tsoro. Ubanka ya ja ayarin nan shekaru masu yawa, bai taɓa shiga gidan da aka yi shiru don firgita ba. Yana kasa kunne ya ji wane irin shiru ne. Kai maƙeri ne ɗan maƙeri, da kunne kake sanin ƙarfe, ya kamata ka san wannan.

Ga shi ka jawo ba zan gan ka ba kafin ka tafi. Wannan ya yi min ciwo, ba zan ɓoye maka ba.

Zancen yarinyar, maganata tana nan inda na ajiye ta.

Mahaifiyarka,
Marged Treharne


Norfolk, 27 ga Fabrairu

Yaya Ceridwen,

Gaisuwa a gurguje, ana ta ɗaure kaya, gobe ko jibi za mu kama hanyar tashar jiragen ruwa. An karɓe sirdi da linzami da takubba, an ba mu jakar goyo da takalman tafiya. Ciyawa ta daina zuwa jiya, Saje ya ce har kewarta yake yi.

Yaya, na yi aure! Ranar Alhamis, a ɗan ɗakin sujada na sansani. Kyaftin Gamage ne ya sa baki aka ba ni izini, shi ya tsaya mata a matsayin uba, Gomer ya tsaya min. Mutanenmu suka yi mana waƙa har limamin runduna ya manta inda ya tsaya. Hetty ta kai shekarun da ba sai an nemi sa hannun kowa ba, ta zo da ƙafarta da 'yar hularta mai shuɗin ƙyalle. Da ta koma gida ta tarar da akwatinta a bakin hanya, ƙofa a kulle. Yanzu tana kwana a wajen matar mai gidan waya, wadda ta ce mako biyu kawai za ta iya.

Ba ta da kowa sai ni, ni kuma ga ni zan tafi. Na saya mata tikiti, za ta sauka a tasharmu ranar Laraba ta sama da jirgin rana. In Mama ta ƙi buɗewa, ban san inda matata za ta kwana ba, kuma ina tsakiyar teku ba abin da zan iya. Wannan ne yake hana ni cin abinci.

Mama ta ce sai wanda ya san yadda ake roƙon ƙofar. To na karanta wa Hetty wannan, ta ce, "Sai ka koya min." Tun watan jiya kullum da yamma tana zuwa bakin shingen sansani, ni ta ciki ita ta waje, ina faɗa tana maimaitawa, masu gadi suna gyara mata. Baiti uku ta iya. Biyu na gaisuwa ne da kowa ya sani. Na ukun ɗan guntun nan ne da Baba yake yi a maƙera in yana jiran ƙarfe ya yi ja, na zaɓe shi don gajere ne, ba shi da kalmomin da ke karya mata harshe. Na san baiti uku ba komai ba ne a gaban Mama. Abin da muke da shi ke nan.

Ki tarye ta a tasha, Yaya. Ki riƙe mata hannu. Ki rubuto da sunan runduna, wasiƙa za ta biyo mu duk inda muke.

Ki yafe min duk wahalar da na ba ki tun ina yaro.

Ƙaninki,
Idwal


Penrhiw, 10 ga Maris

Idwal, ango marar hutu,

Gaisuwa, da fatan teku ba ta juya maka ciki ba.

Na tarye ta. 'Yar firit da ita, ashe, ga akwati ya fi ta girma. Ta gaishe ni da harshenmu, ta ce min "barka da dare" da tsakar rana, nan take na ji ta shiga raina. A hanya na yi ta tunani, baiti ba Mari ai roƙo ne kawai, Mama za ta ce ba a yi shi bisa ƙa'ida ba. Sai na ajiye ta a gidan Gwaggo Leisa, yayar Mama, na ɗauki shebur na zagaya bayan maƙera. Ni, Ceridwen, mai koyar da yara ranar Lahadi, na tono Mari a watan Maris! Gwaggo ta ce, "Yarinya, wa zai shiga ƙarƙashin zane? Mace ba ta taɓa yi ba." Na ce, "Gwaggo, mace ba ta taɓa yin huɗa a Penrhiw ba sai bana." Ta ce, "To miƙo min igiyar linzamin, ni zan ja ki."

Kafin mu hau tudu duk ƙauyen ya biyo mu, mata da tsofaffi, har Fasto yana tafe a baya yana yi kamar hanya ce ta haɗa mu. Mama ta hango mu ta taga. Ina leƙe ta hujin zane na ga ta tsaya cak, sannan na ji ƙarar sakata, garam.

Hetty ta tsaya a kan dutsen bakin ƙofa, fuskarta fara fat. Ta rera na farko. Idwal, wa ya koya mata faɗin "ƙofa"? Abin da ya fito daga bakinta ya fi kama da "tunkiya". Mutane suka ƙunshe dariya. Ba a ɗauki lokaci ba muryar Mama ta fito ta cikin katako, garau kamar ta budurwa:

"Wace ce wannan mai roƙon tunkiyata?
Garke yana kan dutse, hau ki nema."

Aka kwashe da dariya, har da tafi, don wata uku ke nan mutane suna ƙishin muryar nan. Hetty ba ta ji abin da aka ce ba, amma ta san da ita ake. Ta ɗaga haɓa ta rera na biyu. Mama ta mayar da biyu a jere, ɗaya a kan Mari da ta makara har ƙananan tumaki sun fara tsalle, ɗaya a kan sojan doki da suka koma tafiyar ƙasa. Gwaggo Leisa ta raɗa min, "An gama da mu." Ni kuwa ina ta zufa a cikin zane, ina tunanin a wane ɗaki zan ɓoye matar ƙanina.

Hetty ta juyo ta dube ni, ko in ce ta dubi kan dokin. Ta sa tafin hannunta a jikin ƙofar. Ba ta ɗaga murya ba wannan karon:

"Hannuna ya yi sanyi, ƙarfena ya huce,
Wutar da nake nema tana bayan ƙofar nan."

Ko kuskure ɗaya babu. Har inda Baba yake jan numfashi a tsakiya, nan ta ja, ka koya mata da shi ba ka sani ba. Gwaggo Leisa ta saki igiya ta kama bakinta. Ta ce, "Wayyo Allah, shi ne. Wannan ne ubanku ya yi wa Marged a ƙofar gidanmu."

Muka jira. Ba ka jin komai sai ƙararrawar Mari. Wani tsoho ya fara cewa an ci, Gwaggo ta daka masa harara ya haɗiye sauran. Hetty ba ta taɓa mariƙin ƙofa ba, ka ji bambancinta da mijinta. Ta bar hannunta a inda yake, tana jira.

Mama ta shigo yanzu ta ce in ba ta alƙalamin, wai na cika surutu, kuma kada in cika maka kunne da ƙarya. Ga ta.

Ceridwen


Idwal,

Ina gaishe ka, ɗana.

Yayarka za ta ce maka na rasa amsa. Kada ka yarda. Ina da amsar baitin nan tun daren da aka fara rera min shi, mai kyau ce kuwa, da na faɗe ta da ubanka ya koma gida da Marinsa. Ban faɗa masa ba. Shekaranjiya ma ta zo min har bakin leɓe, ban faɗa wa matarka ba. Na zare sakata.

Tana ɗakinka. Ba ta cin abinci sosai, zan gyara wannan. Ta iya riƙe saniya. "Ƙofa" kuma na koya mata da kaina, tun da kai ka kasa.

Ka rufe kanka daga rana. In ka dawo ba sai ka rera komai ba, ka turo kawai, ba zan sa sakata ba.

Mamanka